Ni da Surukata a Gandun Kwakwar Manja

Gari bai gama wayewa ba muka sauko daga hawa na goma sha bakwai, ni da surukata, kowa da takunkuminsa a fuska. Ni na ɗauko jakunkuna biyu, ita ta riƙe butarta da darduma. Motar hayar da na kira ta waya tana jiran mu a ƙofar gidajenmu na unguwar Danau Kota. Na buɗe mata baya, ni na shiga gaba, muka nufi inda bas ɗin kamfanin yawon buɗe ido zai ɗauke mu.

Bari in ɗan koma baya, saboda waɗanda ba su daɗe da fara bibiyata ba. Hajiya, surukar tawa, ta zo Kuala Lumpur ne daga Kafanchan lokacin da matata ta haihu, da niyyar ta yi wata uku ta koma. Ba ta cika wata biyu ba annoba ta sauka, aka rufe ƙasa. Wata uku ya zama wata ashirin. Jaririyar da ta zo yi wa wanka har ta fara gudu tana kiranta Kaka. Sau biyu ana soke mata tikiti, sau biyu kuma ana ɗaga bikin autanta a gida saboda ita. A wannan karon tikiti ya tabbata. Jirginta zai tashi kwana shida bayan mun dawo daga yawon, biki kuma kwana huɗu bayan saukarta.

Ni na kawo shawarar tafiyar. Da aka buɗe zirga-zirga tsakanin jihohi ga masu allura biyu, sai na ga bai dace baiwar Allah ta koma gida ba abin da ta sani na ƙasar nan sai tagar ɗakinta da kantin ƙasan bene. Na yankar mana kujera uku a wani yawo na kwana uku ta garuruwan gaɓar teku zuwa Penang. Ana saura kwana biyu aka sa wa matata jarrabawar baki a makarantarsu, daidai rana ta biyu ta tafiyar. Ta ce a fasa gaba ɗaya, jirgi ya kusa, babu dalilin cusa tsohuwa cikin mutane. Na ce ai kowa sai an gwada shi kafin ya shiga motar. Muka kai magana gaban Hajiya, ta ce, "Yadda kuka gani." Amma da na fito da asuba na tarar da ita a falo ta riga ta shirya tsaf, har da sabon mayafi.

Duk wanda ya taɓa zama gida ɗaya da surukarsa ya san yadda abin yake. A wata ashirin ɗin nan, hirarmu ba ta wuce in durƙusa a bakin ƙofarta da safe in gaishe ta, ta amsa, ta sa albarka ba. Ba ta taɓa cin abinci a gabana ba. Idan tana da magana, ta bakin 'yarta take biyowa. Idan 'yar ba ta kusa, sai ta jefa maganar a iska kamar da kanta take yi, ni kuma in tsinta. Yanzu ga mu, mu biyu, kwana uku.

Bas ne mai cin mutum arba'in, amma mu goma sha shida ne a ciki, saboda dokar barin kujera tsakani. Kafin ka taka matakala sai an auna zafin goshinka, ka nuna shaidar allura a waya, ka nuna hoton gwajin da ka yi jiya. Yawancin abokan tafiyarmu tsofaffi ne 'yan asalin Caina da suka ajiye aiki, sai wasu ma'aurata 'yan Malay da wata Ba'indiya da ƙanwarta. Jagorarmu 'yar Malay ce, za ta kai shekara hamsin. Ta ɗauki lasifika. Ta ce rabon da ta tsaya a gaban bas shekara ɗaya da rabi ke nan, duk tsawon kullen kayan ƙwalama take soyawa tana sayarwa a ƙofar gida. Tsofaffin nan suka tafa mata.

Ta so ta zaunar da ni kusa da Hajiya. "Boleh, boleh," in ji ta, wai 'yan gida ɗaya babu laifi su haɗa kujera. Na yi mata godiya, na wuce layi biyu baya na zauna.

Mun bar birni ta yamma, muka kama hanyar gaɓar teku. Titi sumul, babu rami, babu shingen masu kaki. A wasu ƙauyuka na ga farin ƙyalle da rana ta kodar yana rataye a ƙofar gidaje. Lokacin da kulle ya tsananta mutane suka riƙa ɗaura shi, alamar abinci ya ƙare a gidan, mai hali ya taimaka. Mun tsaya karin kumallo a wani shagon mamak, wato na Indiyawa Musulmi, na saya mana roti, wata irin gurasa, da shayi mai madara, duka bai kai ringgit bakwai na kuɗinsu ba. Na ajiye mata nata a tebur, na koma wani teburin na ba ta baya.

Zangonmu na farko Kuala Selangor. Gari ne ƙarami a bakin kogi, da tudu a kansa. A saman tudun akwai tsofaffin igwa sun juya baki wajen teku, da wata farar hasumiya mai fitilar nuna wa jiragen ruwa hanya. Jagora ta yi ta bayanin yaƙin sarakunan wurin da Turawan Holan, amma babu mai saurarenta, saboda birai. Wasu birai ne masu launin toka, jariransu kuma jajaye kamar an tsoma su a ruwan lemo. Sun saba da masu yawo suna ba su abinci, sai aka yi wata da watanni babu kowa. Da suka gan mu suka sauko gari guda. Ɗaya ya kama gefen sabon mayafin Hajiya ya riƙe gam. Na rasa yadda zan yi, in matsa kusa da ita ko in tsaya. Ita kuwa ta kalle shi ta ce, "Kai ma kullen ya taɓa ka ke nan." Ta ba shi guntun rotin da ta ƙulle a leda, ya sake ta.

Daga nan gonakin shinkafa ne shimfiɗe har iyakar gani. Da rana aka kai sauran matafiya gidan cin kifi na 'yan Caina, mu Musulmi jagora ta tsallaka da mu wata rumfa ta 'yan Malay. Shinkafa da gasasshen kifi da miyar barkono, ringgit tara kwano. Na ji Hajiya daga bayana tana ce wa iska, "Ikon Allah. Wa ya zuba sukari a miya?" Amma ta cinye.

La'asar a Teluk Intan ta same mu. Abin kallon garin hasumiyar agogo ce mai hawa-hawa, wadda ta karkace gefe guda kamar mai ciwon ƙugu. Asalinta ma'ajiyar ruwa ce, wai ƙasar wurin ce mai laushi, nauyin ruwa ya sa ta jirkice. Shagunan da ke kewaye da ita rabi a rufe suke, an manna takardar neman mai haya. Hajiya ta daɗe tana kallon hasumiyar, sannan ta ce, "Ashe su ma suna da 'yan kwangila." Na yi dariya a cikin takunkumi inda ba za ta gani ba. A garin muka kwana. Na nuna mata yadda ake buɗe ƙofar ɗaki da kati, na duba mata alƙibla, na yi mata sai da safe.

Washegari da hantsi muka sauka daga babban titi muka kama wata jar hanya ta burji. Dama da hagu bishiyoyin kwakwar manja ne a jere, layi bayan layi, minti ashirin muna tafiya ba su ƙare ba. Jagora ta ce asalin bishiyar nan daga Afirka ta Yamma aka kawo ta. Duk motar aka juyo ana kallonmu, na ɗaga hannu kamar ni na kawo ta.

Manajan gandun ya tare mu a gaban wani tsohon gidan katako mai faffaɗan baranda, wanda Turawa suka gina wa kansu tun gandun yana na roba. Ba'indiye ne, dogo, mai furfura. Ya ce kakansa aka kawo daga Indiya yana tsaga itacen roba a wannan gandun, ubansa direban tarakta ne a nan, shi kuma ga shi a gidan da kakansa bai isa ya taka barandarsa ba. Ya zagaya da mu ta layin gidajen leburori. Fiye da rabi da kwaɗo a ƙofa. 'Yan Indonesiya da 'yan Bangladash da ke yin aikin sun tafi gida, iyaka a rufe, babu masu maye gurbinsu.

Tun kafin ya gama bayani hancina ya gaya mini sauran. Wani wari ne mai tsami yake tasowa daga cikin gandun. A gindin kowace bishiya 'ya'yan kwakwa ne zube, wasu jajaye, wasu sun yi baƙi sun fara fumfuna. A sama kuma ga nonon kwakwa manya-manya sun nuna sun wuce misali, babu mai yankewa. Manajan ya sa aka kawo sandar da ake yanka da ita, doguwa ta fi tsayin ɗaki biyu, da lauje a bakinta. Tsofaffin nan suka yi ta gwada ɗaga ta ana ɗaukar hoto. Ni ma na gwada, ta kusa kai ni ƙasa.

Ina cikin haka na ji an ce, "Malam."

Na juya. Hajiya ce, ta bar hanya ta shiga cikin ciyawa, ta tsuguna a gindin wata bishiya. Ta janye takunkumi ƙasa tana shinshina ƙwayar kwakwa, ta soka mata farce. Kai tsaye take kallona, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Tambaye shi, waɗannan da suke zube, wa yake tsince su?"

Na tambaya. Manajan ya ce da matan leburori ne, yanzu babu kowa.

"Inna lillahi," in ji ta. "Abinci ne fa wannan."

Ta fara tsinta tana warewa kashi uku a kan wani ganye. Ta nuna na farko ta ce waɗannan yau suka faɗo. Na biyu sun kwana uku, man zai fito amma ba zai yi ajiya ba. Na uku kuwa ko an matse, man zai yi yami ya kama maƙogwaro, sai dai a yi sabulu da shi. Ina fassarawa, manajan ya matso ya tsuguna kusa da ita. Ya ɗauki ɗaya daga kashi na uku ya murza, ya ce abin da suke biyan ma'aikata su auna a ɗakin gwaji ke nan, ita da hanci ta gane. Ya tambaya ko ta yi aiki a masana'anta ne. Ta ce a gaya masa ita ce masana'antar.

Daga nan tambaya ta koma wajenta. Ta ce wace irin miya suke yi da manjan. Ya ce ba sa cin sa ja, tacewa ake yi a inji har ya koma fari kamar man gyaɗa. Jagora ta tambayi 'yan motar, aka rasa ko mutum ɗaya da ya taɓa ɗanɗana jan. Hajiya ta riƙe haɓa. "Duk wannan daji, ba su taɓa lasa ba?"

Jagorar ce ta ce ko Hajiya za ta iya nuna musu. A tsarin tafiya, bayan cin abincin rana za mu wuce wani ƙauyen masunta ne mu ga inda ake ƙona gawayi. Aka ce a ɗaga hannu. Babu wanda ya zaɓi gawayi.

Kicin ɗin gidan yana ta baya, a buɗe yake ta gefe guda. Mai dafa abincin wata Ba'indiya ce gajera, ba ta jin Turanci sosai, Hajiya kuma ba ta jin komai sai Hausa, amma cikin minti biyar sun fahimci juna da hannu. Aka cika bokiti biyu da sabbin 'ya'ya, aka wanke, aka ɗora a babbar tukunya. Hajiya ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta naɗe hannun riga. Da suka dahu har fatar ta fara tsagewa, aka nemi turmi. Wanda aka samu na dutse ne, ɗan ƙarami, na dakan barkono. Ta kalle shi ta girgiza kai, ta ce haka nan za a yi, kaɗan-kaɗan. Matan suka karɓa bi da bi, hannuwansu suka gaji. Sai ta miƙo mini taɓaryar.

"Malam, karɓi. Kada ka fasa ƙwallon, naman kawai ake so ya saki."

Haka na zauna a kan kujera 'yar tsuguno a gaban surukata ina daka, manja yana fallatsa a rigata, ita tana gyara mini hannu. Ta zuba ruwan ɗumi a kan dakakken, ta murje da hannu, ta tsame ƙwallaye da zaren gefe guda. Ta ce ƙwallayen nan idan an fasa su ake samun alayyadi, zaren kuma a shanya a riƙa hura wuta da shi, babu abin yarwa. Aka tace ruwan da rariya, aka mayar kan wuta.

A jiran tafasar ne wata tsohuwa ta tambaye ta inda ta koya. Hajiya ta fara ba da labari, ni ina juya shi zuwa Turanci, jagora tana juya wa mai dafa abinci zuwa Malay. Ta ce a wani ƙauye kudu da Kafanchan aka haife ta. Tana da shekara tara uwarta ta fara sa ta a ramin da ake tattaka kwakwa da ƙafa, har tafin ƙafarta ya yi ja ya ƙi wankuwa. Da ta girma ita take ɗaukar garwa a ka ta kai tashar jirgin ƙasa, ta sayar ta taga kafin jirgi ya tashi, wani lokaci tana gudu tana karɓar kuɗinta. Da mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar, ta buɗe rumfa a kasuwa, tana zuwa kudu da kanta tana saro durom-durom. Sau ɗaya mota ta kife da su a hanya, ta fito daga cikin manja tsamo-tsamo, mutane suka yi ta salati sun ɗauka jini ne. A nan ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce da manjan nan duka biyar ɗin suka yi karatu, har da wadda take yin jarrabawa yau a Kuala Lumpur.

Ina fassarawa ne ina jin labarin a karo na farko. Abin da na sani a da jimla ɗaya ce: surukata tana sayar da manja.

Man ya taso saman tukunya, ja wur. Ta kwashe shi da ludayi a hankali zuwa wata ƙaramar tukunya, ta ƙara ɗora shi har ruwan ya ƙone. Bai fi kwalba ɗaya da rabi ba. Mai dafa abinci ta kawo dafaffen rogo, aka barbaɗa gishiri da garin barkono, aka zuba man a kai. Aka zauna a baranda, kowa ya sauke takunkumi. Wasu sun lasa sun yi murmushin ladabi sun ajiye. Wani tsoho ɗan Caina, tsohon malamin makaranta, sau uku yana ƙari. Ya jawo kujerarsa kusa da mu yana ta tambaya, yana kiran Hajiya Cikgu, wato malama. Ita ma a nan barandar ta ci nata, ina zaune.

Mun bar gandun bayan la'asar, muka hau babbar hanyar arewa. Ana kiran magariba muna kan gadar Penang. Tsawonta ya sa Hajiya ta yi ta jan carbi har muka sauka.

George Town gari ne da ya kamata a ba shi kwana uku shi kaɗai, mu safiya ɗaya muka samu. Tsofaffin shaguna ne masu hawa biyu a manne da juna, da rumfa a gabansu mai kare ka daga rana da ruwa. A titi ɗaya ka wuce coci, ka wuce wurin bautar 'yan Caina da hayaƙin turarensa, ka wuce na Indiyawa, ka iso wani tsohon masallaci fari mai ƙubba wanda fatake Musulmi daga Indiya suka gina. Mun shiga mun yi nafila, an manna alama a ƙasa inda kowa zai tsaya nesa da ɗan'uwansa. Mun je unguwar da aka gina gidajen katako a kan turaku cikin teku, ruwa yana motsi a ƙarƙashin ƙafarka. Masu keken ɗaukar fasinja, tsofaffi duka, suna zaune a inuwa babu ciniki. Na ɗaukar wa Hajiya ɗaya a ringgit ashirin, ni na bi su a ƙasa. Yanzu tana yi mini magana kai tsaye. Ta tambaye ni me ake sarowa a tashar jiragen ruwan, ta tambaye ni abin da nake karantawa, na yi mata bayani ta ce, "To, Allah ya sa a ci da shi."

Muna shirin shiga cin shinkafar da garin ya yi suna a kanta, matar tsohon malamin nan ta ja jagora gefe. Ashe tun safe jikin mijinta yake rawa, ya ɓoye don kada ya ɓata wa mutane yawo. Jagora ba ta yi wata-wata ba. Ta fito da kayan gwaji daga jakarta ta raba wa kowa, muka jeru a ƙarƙashin rumfar wani rufaffen shago. Muka jira minti goma sha biyar. Na kowa layi ɗaya ya nuna. Nasa biyu.

Tsohon nan ya tsaya daga nesa yana sunkuyar da kai ga kowa ɗaya bayan ɗaya, yana ba da haƙuri. Aka wuce da shi da matarsa asibiti. Jagora ta yi 'yan waye-waye, ta dawo ta gaya mana umarnin da aka ba ta. Yawo ya ƙare. Kowa gida zai wuce kai tsaye, ya killace kansa mako guda, a sake gwada shi.

Mako guda. Jirgi saura kwana shida.

Aka yi mana tapau, wato aka ƙulle mana abincin a leda, muka hau mota. Awa huɗu da wani abu ne zuwa Kuala Lumpur, ban san me muka wuce a hanya ba. Da aka tsaya salla na kira matata. Na gaya mata abin da ya faru. Sannan ta ce, "Ka gaya mata?" Na ce tukuna. Ta ce, "To kai za ka gaya mata."

Na sami Hajiya tana naɗe darduma. Na tsuguna na yi mata bayani dalla-dalla, kwanakin killacewa, gwajin da ake buƙata kafin shiga jirgi, da yadda lissafin ya ƙi fita. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Allah ya ba shi lafiya. Tsoho ne." Ta ɗauki butarta ta koma mota.

Rana ba ta faɗi ba muka shiga gida. Matata da yarinya suka koma ɗaki ɗaya, Hajiya ta shiga nata, ni na tare a falo. Abinci a bakin ƙofa ake ajiye wa kowa. Yarinya ta yi ta buga ƙofar Kaka tana kuka. Na kwana biyu ina fama da kamfanin jirgi, kujerar farko da aka samu sai bayan mako biyu. Autan ya kira ya ce zai sake ɗaga bikin. Ina jin muryar Hajiya ta cikin ƙofa tana ce masa, "Kul. 'Yar mutane ta gaji da jira. A ɗaura."

Gwajinmu ya fito lafiya lau, ni da ita. Ko atishawa babu wanda ya yi.

Ranar bikin, hantsin gida ya yi daidai da yammacinmu. Hajiya ta yi wanka ta saka atamfar ankon da aka ɗinka mata tun bara, ta ɗaura ɗankwali, ta zauna a bakin gado. Matata ta jingina mata waya a jikin filo. Wata jikarta a can tana zagayawa da ita cikin gida, mata suna leƙowa suna gaishe ta, hoto yana tsayawa yana dawowa. Da aka ce an ɗaura, guɗa ta tashi a wayar, ita ma ta buɗe baki za ta yi, sai muryar ta ƙi fita. Matata ta tashi ta shige banɗaki.

Bayan an kashe wayar na zo bakin ƙofa na durƙusa. Na ce, "Hajiya, ni na jawo wannan. An hana ni ban ji ba. Ki yafe mini."

Ta daɗe tana gyara bakin zaninta.

"Zafi kam akwai, Malam, ba zan ɓoye maka ba. Auta ne. Amma ba ɗaure ni ka yi ka kai ni ba, da ƙafata na shiga motar. Kuma wata ashirin ina gidan nan, kun ciyar da ni, kun tufatar da ni, ba ku rage ni da komai ba. Sai dai ranar nan ce kaɗai aka tambaye ni abin da na sani. Tashi, Allah ya yi maka albarka."

Ta tafi ranar Talatar da ta wuce, ta sauka lafiya. Jagorarmu ta aiko da saƙo cewa tsohon malamin ya kwana tara a asibiti, an sallame shi.

Ga mai son irin wannan yawon, hanya lafiyayya ce, abinci da araha, mutanen kuma masu kirki. Shawarata ɗaya, kada ka sa shi kusa da ranar da ba za ka iya ɗagawa ba. Matata har gobe tana ganin da ba mu je ba ya fi, ni kuma ba na yi mata musu, don tare muka ga uwarta cikin anko a bakin gado. Abin da ni na ɗauko daga tafiyar shi ne, ana iya girmama mutum shekara da shekaru ba a san shi ba. Kunya tarbiyya ce, ban ce a yar da ita ba. Amma ni na fake da ita, na mayar da gaisuwa iyakar abin da ke tsakanina da manyana.

Da muka dawo daga filin jirgi na kira mahaifina a Zariya. Tela ne, shekara arba'in yana kan keke. Bayan mun gaisa, maimakon in yi sallama kamar kullum, sai na ce, "Baba, wai wa ya koya maka ɗinki?"

Ya ce, "Lafiya dai ko?"

Na ce lafiya lau, so nake in ji.

Na ji ya ce wa wani a shagon ya dawo anjima. Sannan ya ja kujera.